Asalin Garin Herzogenaurach, Garin Masu Duban Ƙafa

A kudancin ƙasar Jamus, cikin jihar Bavariya, akwai wani ɗan gari mai dogon suna da ake kira Herzogenaurach. Mutanensa ba su wuce dubu 25 ba, tsakaninsa da birnin Nuremberg kuwa tafiyar kilomita 20 ce da 'yan kai. 'Yan garin sukan gajarta sunan su ce Herzo, mu ma haka za mu kira shi. Mai karatu zai yiwu bai taɓa jin sunan nan ba, amma da wuya a ce bai taɓa ganin kayan garin ba, don duk yaron da ya sa kambas mai zane uku, ko rigar ƙwallo mai hoton damisa tana tsalle, to tambarin Herzo ne a jikinsa.

Asalin garin wani ɗan kogi ne mai suna Aurach. A da can daji ne ya kewaye wurin, akwai kuma wasu manyan shanun dawa masu kama da ɓauna da ke zuwa shan ruwa, shi ya sa mutanen farko suka ce da wurin Uraha, wato mashayar shanun dawa. Da wannan suna aka fara rubuta garin a wata takardar Sarki Heinrich na Biyu a shekarar 1002. A 1021 sarkin ya ba da shi ga limaman kirista na birnin Bamberg, suka riƙe shi wajen shekara 800, kafin ya koma hannun Bavariya a farkon ƙarni na 19. Da yake akwai wasu garuruwa a bakin kogin masu irin wannan suna, sai aka riƙa bambanta su da masu wurin: akwai Aurach na mata masu zaman ibada, akwai na maza masu zaman ibada, wannan kuwa aka ce da shi na Herzog, wato sarautar wasu manyan hakimai na ƙasar.

Sana'ar garin ta fari saƙa ce da rini. Shekaru aru-aru mutanen Herzo suna saƙa tufafin ulu suna kai wa kasuwanni, har zamanin da injuna suka zo suka karya kasuwar masaƙan hannu. Da saƙa ta mutu, masaƙa ba su zauna ba, sai suka koma ɗinka silifa na ulu irin wanda Turawa ke sawa a cikin ɗaki saboda sanyi. Kafin a jima garin ya cika da dukawa, har ya zamana bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai masu ɗinkin takalmi fiye da 100 a garin da mutanensa ba su kai dubu huɗu ba.

Cikin waɗanda suka bar saƙa suka kama takalmi akwai wani Christoph Dassler, wanda ke aiki a wata masana'anta, matarsa Pauline kuma tana wankau a gida. Suna da 'ya'ya, cikinsu har da Rudolf wanda aka haifa a 1898, da ƙanensa Adolf, wanda ake kira Adi, haihuwar 1900. An sa Adi koyon gashin burodi, amma zuciyarsa tana wajen guje-guje da tsalle-tsalle. Da ya dawo daga soja, sai ya share ɗakin wankin uwarsa ya mai da shi shago. Ƙasa ta talauce, fata ta yi wuya, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa. Sai ya riƙa tsinto tarkacen kayan soja yana yanka, ya kafe keke a ƙasa ya haɗa shi da injin gyaran fata, mutum na tuƙawa inji na juyawa. Ƙusoshin ƙasan takalmin gudu kuwa wani abokinsa maƙeri ne ke ƙera masa. Wannan ɗan ɗaki ya fi burge ni a duk tarihin garin, don duk wanda ya san shagunan dukawa da maƙera na garuruwanmu zai ga kamar a unguwarsu aka yi abin.

A 1924 wa da ƙane suka yi rajistar kamfani da sunan gidansu. Adi mutum ne shiru-shiru, ya iya hannu. Rudolf kuwa mai baki ne, ya iya ciniki. Haɗin ya yi kyau ƙwarai. A wasannin Olimfik na Berlin a 1936, inda baƙar fatan Amurka Jesse Owens ya ci zinariya huɗu a gaban Hitler, sunan takalmin Dassler ya fita duniya.

To, sai dai wa da ƙane da matansu da 'ya'yansu duk gida ɗaya suke zaune, zaman kuwa ba daɗi. Dukkansu biyu sun shiga jam'iyyar Nazi a 1933, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ma makamai aka riƙa ƙerawa a masana'antarsu. Masu ba da labari suna cewa wata rana jiragen yaƙi sun zo, Adi da iyalinsa suka shiga ramin ɓuya suka tarar da Rudolf da nasa iyalin. Adi ya zagi masu jiragen, Rudolf ya ɗauka da shi ake. Bayan yaƙi sojojin Amurka suka tsare Rudolf kusan shekara guda, ya kuma ƙudurce a ransa cewa ƙanensa ne ya kai ƙararsa. A 1948 suka raba dukiya. Rudolf ya ƙetare kogi ya kafa Puma, Adi ya haɗa laƙabinsa da farkon sunan gidansu ya yi rajistar Adidas a ranar 18 ga Agusta 1949.

Rabuwar ba ta tsaya a gidan Dassler ba, garin ma ya tsage biyu. Kusan kowane gida akwai mai cin abinci a ɗaya daga cikin kamfanonin, saboda haka kowane ɓangare da mahaucinsa da mai burodinsa da ƙungiyar ƙwallonsa. Auren ɗan Puma da 'yar Adidas abin magana ne. In baƙo ya yi sallama, ƙafarsa za a fara duba a ga irin takalminsa kafin a san yadda za a amsa, har aka yi wa garin laƙabi da garin masu sunkuyar da kai.

Wannan gaba ita ta sa kowa ya ƙure basirarsa. A 1954 Jamus ta Yamma ta doke Hungari da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin duniya, cikin ruwan sama, da but ɗin Adi mai ƙusoshin da ake ɗaurawa a kwance. A 1970 Pele ya ɗauki kofin duniya da Puma a ƙafarsa. Lothar Matthäus, kyaftin ɗin Jamus a 1990, a Herzo ya tashi, ubansa ma'aikacin Puma ne. Rigar nan marar hannu da Kamaru ta ci kofin Afirka da ita a Mali a 2002 ma aikin Puma ce. Duk da haka ni dai ban ga riba a gabar ba, don Rudolf ya mutu a 1974, Adi ya bi shi a 1978, aka binne su a maƙabarta ɗaya, wannan a wancan gefe, wancan a wannan gefe.

Akwai wasu wa da ƙane a garin da ba a cika ambata ba, Wilhelm da Georg Schaeffler. A 1946 suka kafa nasu kamfanin, ba su kuwa rabu ba. Boris suke ƙerawa da sauran kayan cikin injin mota, kamfanin nasu yana ɗaukar dubban ma'aikata a garin har yau.

Wanda ya je Herzo yanzu zai tarar da tsohon gari da gidajensa masu gicciyen katako a bango, da hasumiyoyi biyu da suka rage daga tsohuwar ganuwa, Fehnturm da Türmersturm, da majami'ar Magdalena, da gidan tarihi a wani tsohon gidan kula da gajiyayyu. Hedikwatar Adidas tana bayan gari, a filin da ya taɓa zama sansanin sojan Amurka har zuwa 1992. Yawancin takalman yanzu a ƙasashen Asiya ake ɗinka su, zane da shawara ne suka rage a Herzo. A ranar 21 ga Satumba 2009 ma'aikatan Adidas da na Puma suka cakuɗu cikin ƙungiyoyi biyu suka buga ƙwallo tare a garin, shekara 61 bayan rabuwar wa da ƙane.