Balan-balan Biyu a Riyad: Binciken Gyaran Zuciya ta Bututu da Ƙirgen Ambato, 1975 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin gudummawar da asibitocin birnin Riyad suka bayar ga fannin gyaran zuciya ta hanyar bututu, wato aikin da likita ke yi a cikin zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba. An dubi wannan gudummawa ta fuskar ma'aunin da jami'o'i suka fi dogara da shi a yau, wato yawan ambaton da sauran masana ke yi wa rubutu. Maƙalar ta nuna cewa aikin da ya fi fito da sunan birnin a wannan fanni an yi shi ne tun kafin ƙirgen ambato ya zama manufar hukuma, kuma a kan cutar da ƙasashe masu arziki suka riga suka juya wa baya.

1.0 Gabatarwa

Fannin bai tsufa ba. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, abin da ya sa ya samu rabo a kyautar Nobel ta 1956. A ranar 16 ga Satumba 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciyar wani majiyyaci a birnin Zurik ta hanyar hura ɗan balan-balan a ƙarshen bututu, kuma a 1986 aka fara dasa ragar ƙarfe mai tokare jijiya don kada ta sake rufewa. Daga nan akasarin kuɗi da hankalin masana suka karkata ga jijiyoyin zuciya, domin toshewarsu ita ce ke kashe mutanen Turai da Amurka.

A gefe guda kuma wata sana'a na tasowa. Eugene Garfield ya kawo shawarar ƙirga ambato a mujallar Science a 1955, kundinsa na ambaton kimiyya ya fara fitowa a 1964. Manufarsa ta farko ita ce taimaka wa mai bincike ya gano wanda ya ɗora a kan aikin wani. Daga baya ne aka mayar da kundin sikelin auna mutane da jami'o'i.

2.0 Cutar da ta rage a hannun matalauta

Lokacin da aka buɗe Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad a 1975, kuɗin man fetur sun kawo na'urori irin na Landan da Boston, amma cututtukan da ke zuwa asibiti na zamanin talauci ne. Daga cikinsu akwai ƙuncewar bawul ɗin mitiral, ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya. Asalinta ciwon maƙogwaro ne na yarinta wanda ba a yi wa magani ba, ya rikiɗe zazzaɓin rumatik, garkuwar jiki ta juya ta yi wa ƙyauren tabo har leɓunansa su manne. Ƙofar da faɗinta ya kamata ya kai murabba'in santimita 4 zuwa 6 sai ta koma 1 ko ƙasa da haka. Jini ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Ta fi kama mata, kuma sau da yawa juna biyu ne ke tona ta, domin a lokacin jinin jiki ke ƙaruwa, ƙofar kuwa ba ta ƙaruwa.

Maganin da aka sani shi ne tiyata. Likitan Japan Kanji Inoue ya wallafa a 1984 cewa ana iya raba leɓunan da balan-balan na musamman da ya ƙera. A 1985 James Lock da abokan aikinsa na Indiya suka ba da rahoton irin wannan aiki a kan yara da matasa, da balan-balan guda ɗaya. Matsalar ita ce balan-balan ɗin Inoue bai yaɗu a kasuwa ba tukuna, waɗanda ake samu kuma sun yi wa bawul ɗin baligi kaɗan.

A nan ne Riyad ta shigo. A Asibitin Sojoji na birnin, Muayed Al Zaibag tare da Paulo Ribeiro da Saad Al Kasab da likitan tiyata Mohammed Al Fagih suka ga cewa in ɗaya bai isa ba, a jera biyu. Ana shiga ta babbar jijiyar matsematsi, a hau zuwa ɗakin dama na zuciya, a huda bangon da ya raba shi da na hagu, a ratsa bawul ɗin da balan-balan biyu kafaɗa da kafaɗa, a hura su tare. Dabarar tana da wata hikima bayan batun girma: bakin bawul ɗin mitiral ba da'ira ba ne, ya fi kama da bakin kifi, don haka balan-balan biyu a jere sun fi dacewa da siffarsa, ƙarfinsu kuma yana tafiya daidai inda leɓunan suka manne. Mujallar Lancet ta buga rahoton a 1986. Marasa lafiyar da ke cikinsa 'yan kaɗan ne, irin adadin da mai tace maƙala a yau zai iya ɗaga wa gira, amma cikin ƙanƙanin lokaci cibiyoyin Amurka da Turai suka ɗauki dabarar. Gwaje-gwajen da suka kwatanta balan-balan da tiyata, wanda aka yi a Haidarabad ta Indiya aka buga a 1994, da na Munastir ta Tunusiya na 1998, duk sun tabbatar cewa ga majiyyacin da bawul ɗinsa bai ƙandare ba, bututu na iya tsayawa a matsayin wuƙa. A waccan shekarar ta 1986 ne kuma Al Fagih ya jagoranci dashen zuciya na farko a Saudiyya, a asibitin guda.

Dabarar balan-balan biyu ba ta daɗe tana jan zare ba. A shekarun 1990 na'urar Inoue ta mamaye duniya saboda ta fi sauƙin sarrafawa kuma haɗarin huda bangon zuciya ya fi ƙanƙanta da ita. Duk da haka, kusan duk wanda zai rubuta tarihin wannan aiki sai ya ambaci sunaye uku a jere: Inoue, Lock, Al Zaibag. Wannan wani nau'in ambato ne da alƙaluma ba sa bambance shi da sauran: ana ambaton maƙalar ne don ita ce tushe, ko da an daina aiki da abin da ta koyar.

A Asibitin Sarki Faisal kuwa wani aiki ne ya gudana, marar armashi amma mai nauyi. Mohamed Eid Fawzy da abokansa sun yi ta bibiyar ɗaruruwan waɗanda aka buɗe wa bawul da balan-balan ɗin Inoue, shekara bayan shekara, har wasu rahotanninsu suka kai shekara 19 na bibiya. Tambayoyinsu na mai jinya ne: yaushe ƙofar ke sake ƙuncewa, wa ya fi fuskantar hakan, shin hawan jinin huhu na sauka bayan aikin, me ke faruwa da mai juna biyu da abin da ta haifa. Majiyyatansu matasa ne, saɓanin na Turai da Amurka waɗanda galibi dattawa ne masu bawul mai ƙandarewa, don haka sakamakon Riyad ya fi yin magana da likitan Kano ko na Alƙahira.

3.0 Zamanin rajista

Cikin ƙarni guda na mutane cutar ta sauya. Wadata ta rage zazzaɓin rumatik, ta kawo ciwon sukari da ƙiba. Binciken ƙasa da Mansour Al-Nozha na Jami'ar Sarki Sa'ud ya jagoranta tsakanin 1995 da 2000 ya samu ciwon jijiyoyin zuciya a kashi 5.5 cikin ɗari na manyan da aka duba. A wannan fage Riyad ba ta da fifikon da ta samu a da. Manyan gwaje-gwajen ragar ƙarfe kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, a cibiyoyin Turai da Amurka da gabashin Asiya, kuma su ne ke kwashe mafi yawan ambato.

Abin da masanan birnin suka yi shi ne ƙirga nasu. Rajistar SPACE, ƙarƙashin Khalid AlHabib, ta tattara bayanan majiyyata fiye da 5,000 daga asibitoci 17 tsakanin 2005 da 2007. Ta nuna cewa bugun zuciya na kama 'yan Saudiyya suna da kimanin shekara 58, kusan shekara goma ƙasa da takwarorinsu na Yamma, fiye da rabinsu na da ciwon sukari, kuma ƙasa da ɗaya cikin biyar na masu toshewar gaba ɗaya ne ake buɗe wa jijiya da bututu nan take. Rajistar Gulf RACE-2 ta faɗaɗa aikin zuwa ƙasashe shida na yankin, rajistar STARS da aka buga a 2019 kuma ta nuna cewa adadin da ake yi wa aikin gaggawa ya ƙaru. Cikakken rahoton SPACE ya fito ne a mujallar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Saudiyya, wadda ba ta cikin manyan mujallun duniya. A sikelin ambato wannan ragi ne. Ga ma'aikatar lafiya mai shawarar inda za a kafa ɗakin bututu, babu takardar da ta fi ta amfani.

4.0 Lokacin da sikeli ya zama abin nema

Jerin jami'o'in duniya na Shanghai ya fara fitowa a 2003, yana ba da maki ga jami'ar da ke da masanan da aka fi ambato. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h, wanda ke dunƙule rayuwar mai bincike a lamba ɗaya. Jami'o'in Saudiyya sun shiga wannan tsere da kuɗi a hannu. A Disambar 2011 mujallar Science ta ruwaito cewa Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda da Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad na ɗaukar fitattun masana na ƙetare da kwangila, bisa sharaɗin su haɗa sunan jami'ar a adireshinsu. Jami'o'in sun kare shirin da cewa haɗin gwiwa ne na gaske. A 2023 jaridar El País ta Sifen ta sake tayar da batun, kuma a jerin kamfanin Clarivate na waccan shekara yawan masanan da aka jingina wa Saudiyya ya faɗo daga 109 zuwa 76.

Wannan badaƙala ba ta likitocin zuciya ba ce musamman, kuma rashin adalci ne a shafa musu kashin kaji. Amma ta gurɓata ma'aunin da ake auna su da shi. Duk wanda ya buɗe rumbun bayanai ya ƙirga maƙalun da ke ɗauke da adireshin Riyad, zai tarar da abubuwa uku a kwando ɗaya: aikin da aka yi a kan majiyyatan birnin, aikin ƙetare da likitan birnin ya sa hannu a ciki a matsayin ɗaya daga marubuta masu yawa, da aikin da adireshin kawai ya ziyarci birnin. Na'ura ba ta tantance su. Sanarwar San Faransisko ta 2012 ta gargaɗi jami'o'i game da auna mutum da martabar mujallar da ya yi rubutu a ciki, sai dai kwamitocin ƙarin girma, a Riyad kamar a Zariya, sun fi samun sauƙin lamba.

Akwai kuma wani karkatar da ya fi wannan zurfi. Ambato na bin yawan masu rubutu, masu rubutu kuma na bin kuɗi. Tun da Alain Cribier ya dasa bawul ta bututu a Ruwan ta Faransa a 2002, maƙalu suka yi ambaliya a kan bawul ɗin tsofaffi, yayin da ƙuncewar mitiral ta koma gefen shafi. Cutar kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Ƙiyasin 2015 ya nuna mutum miliyan 33.4 na ɗauke da ciwon zuciya na rumatik, kuma ya kashe kimanin 319,400 a shekarar. Binciken REMEDY da aka buga a 2015 ya bi majiyyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, Nijeriya na ciki. Matsakaicin shekarunsu 28 ne, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma a ƙasashe mafi talauci kaɗan ne daga masu buƙatar balan-balan ko tiyata suka samu.