Tibet: Asalin takaddamar mulki da haƙƙin ɗan Adam

A ranar 10 ga watan Maris na kowace shekara, 'yan Tibet da ke zaman gudun hijira a Indiya da Nepal da ƙasashen Turai kan yi gangami domin tunawa da boren da aka yi a birnin Lhasa a shekarar 1959. Kwanaki 18 bayan haka, wato a ranar 28 ga wata, gwamnatin Sin kan yi nata bikin, wanda ta ƙirƙiro a 2009, ta kuma kira shi ranar 'yantar da bayin gona. Abu guda ne ya faru, amma kowane ɓangare da sunan da yake kiransa, kuma haka batun Tibet yake tun daga tushe.

Tibet dai wani makeken tudu ne a arewacin tsaunukan Himalaya, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000 daga doron teku. A nan ne manyan kogunan Asiya irin su Yangtze da Mekong da Indus da Brahmaputra suke da mafarinsu. Hatta iyakarsa ma ba a yi ittifaƙi a kanta ba. Idan Sin ta ce Tibet, tana nufin yanki mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai da ta kafa a 1965, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.2. Su kuwa 'yan gudun hijira suna haɗawa da yankunan Amdo da Kham, waɗanda mafi yawansu ke cikin lardunan Qinghai da Sichuan da Gansu da Yunnan. Ƙidayar 2020 ta nuna akwai 'yan ƙabilar Tibet kimanin miliyan 7 a ƙasar Sin, kuma fiye da rabinsu suna zaune ne a wajen yankin da Beijing ke kira Tibet.

Tarihin da kowa ke kafa hujja da shi

Tsakanin ƙarni na 7 da na 9 Tibet daula ce mai ƙarfi, har ma dakarunta suka taɓa kama Chang'an, babban birnin Sin na wancan zamani, a shekarar 763. Wannan babu mai musu a kansa. Saɓanin ya fara ne daga ƙarni na 13, lokacin da Mongol suka mallaki Tibet da Sin baki ɗaya. Beijing ta ce tun daga nan Tibet ta zama wani sashe na ƙasarta, tana kuma nuni da cewa sarakunan daular Qing sun aika da sojoji Lhasa a 1720, daga baya suka girke wakilansu a birnin. 'Yan Tibet sun ce dangantakar ba ta wuce ta malami da mai ba shi kariya ba, kuma Mongol da Manchu, waɗanda suka kafa daular Qing, su ma ba 'yan ƙabilar Han ba ne.

Bayan faɗuwar daular Qing, an kori sojojinta daga Lhasa, kuma a 1913 Dalai Lama na 13 ya yi shelar da ake ɗauka a matsayin ta 'yancin kai. Kusan shekaru 40 Tibet ta yi tana tafiyar da al'amuranta, da kuɗinta da sojojinta da kan sarkinta na gidan waya. Sai dai babu wata babbar ƙasa da ta amince da ita a hukumance, ba ta kuma shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Wannan ne babban raunin da'awar 'yancin kai a fuskar dokokin duniya, kamar yadda waɗancan shekaru na mulkin kai suke zama babban rauni ga da'awar Sin.

Daga Chamdo zuwa Dharamsala

A watan Oktoban 1950, shekara guda da kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, dakarun Mao Zedong suka murƙushe ƙaramar rundunar Tibet a garin Chamdo. A ranar 23 ga watan Mayun 1951 wakilan Tibet suka sanya hannu a Beijing kan wata yarjejeniya mai sassa 17, wadda ta tabbatar da ikon Sin, ta kuma yi alkawarin barin Dalai Lama da tsarin mulkinsa da addinin Buddha yadda suke. Sin na kiran wannan 'yantarwa cikin lumana, yayin da 'yan Tibet suka ce tursasa wa wakilan nasu aka yi.

Zaman bai ɗore ba. Ƙwace filaye a gabashin yankin ya haddasa tawaye, wanda hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta taimaka wa da makamai da horo. A watan Maris na 1959 rikicin ya iso Lhasa, inda Dalai Lama na 14, Tenzin Gyatso, yana ɗan shekara 23, ya sulale cikin dare zuwa Indiya. Kimanin mutane 80,000 suka bi sawunsa, kuma a 1960 ya kafa cibiyarsa a garin Dharamsala. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurori uku kan Tibet, a 1959 da 1961 da 1965, amma ba su sauya komai a ƙasa ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafiya muni. An rushe dubban gidajen ibada, wasu kafin juyin juya halin al'adu na 1966 zuwa 1976, wasu a cikinsa. Panchen Lama na 10, malami na biyu a daraja a ɗariƙar Dalai Lama, wanda bai yi hijira ba, ya rubuta wa shugabannin Sin doguwar takardar koke a 1962 kan yunwa da kame-kame; abin da ya samu shi ne zaman kurkuku na kusan shekaru goma. Gwamnatin gudun hijira ta ce mutane miliyan 1.2 suka halaka ƙarƙashin mulkin Sin. Masana tarihi da dama na ganin adadin ya yi yawa, ko da yake ba su musanta cewa an yi asarar ɗimbin rayuka ba.

Ita ma Sin tana da abin faɗa. Gaskiya ne cewa a tsohuwar Tibet gidajen ibada da masu sarauta ne suka mallaki filaye, talakawa kuma suna yi musu aikin tilas. Gaskiya ne kuma an shimfiɗa hanyoyi, an gina asibitoci, jirgin ƙasa ya isa Lhasa a 2006. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne tambayar jama'ar yankin, ta hanyar ƙuri'a, ko sun amince da wannan ciniki.

Tsaka-tsakin tafarki

Tun daga shekarun 1980 Dalai Lama ya fito fili ya ce ba ɓallewa yake nema ba, illa cikakken ikon tafiyar da al'amuran addini da harshe da al'adu a cikin ƙasar Sin. Ya gabatar da wannan shawara a birnin Strasbourg a 1988, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1989, shekarar da aka kafa dokar soja a Lhasa. Wakilansa sun yi zagaye tara na tattaunawa da jami'an Sin daga 2002 zuwa 2010 ba tare da cim ma komai ba. Beijing na kallon shawarar a matsayin neman ɓallewa a fakaice, wasu matasan 'yan gudun hijira kuma na ganin sassaucin ya yi yawa.

A watan Maris na 2008, ana shirin wasannin Olympics na Beijing, tarzoma ta sake ɓarkewa. Sin ta ce kimanin mutane 20 aka kashe a Lhasa, galibinsu fararen hula da masu bore suka afka wa, yayin da 'yan gudun hijira suka ce jami'an tsaro sun kashe 'yan Tibet fiye da 200. Daga 2009 kuma, sama da 'yan Tibet 150, da yawansu sufaye, sun cinna wa kansu wuta domin nuna adawa. Tantance irin waɗannan rahotanni na da wuya, ganin cewa 'yan jaridun waje ba sa shiga yankin sai da izini na musamman.

A fagen diplomasiyya kuwa, maganar mallaka kusan a ce an rufe ta. Indiya ta jaddada a 2003 cewa yankin na Sin ne, Birtaniya ta bi sahu a 2008, kuma babu wata ƙasa da ta amince da gwamnatin Dharamsala. Ko Afirka ta Kudu, a 2011, ta yi ta jan ƙafa wajen bai wa Dalai Lama biza har ya fasa halartar bikin cikar Desmond Tutu shekaru 80.

Harshe da magaji

Saboda haka takaddamar ta koma kan abubuwa biyu. Na farko shi ne harshe. A watan Fabrairun 2023 wasu ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yara 'yan Tibet kimanin miliyan ɗaya na makarantun kwana na gwamnati, inda da harshen Mandarin ake koyarwa. Sin ta musanta zargin raba su da al'adunsu, tana mai cewa nisan ƙauyuka ne ya wajabta makarantun.

Na biyu shi ne wanda zai gaji Dalai Lama. A aƙidar mabiyansa, idan babban malami ya rasu, yakan sake dawowa a jikin wani yaro, sai manyan malamai su nemo shi. A watan Mayun 1995 Dalai Lama ya bayyana Gedhun Choekyi Nyima, mai shekaru shida, a matsayin sabon Panchen Lama. Bayan kwanaki uku hukumomi suka ɗauke yaron da iyayensa, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba, sannan Beijing ta naɗa nata, Gyaltsen Norbu. A 2007 ta kafa dokar da ta ce ba a tabbatar da irin wannan malami sai da yardar gwamnati, abin da ke da ban mamaki daga jam'iyyar da ba ta yarda da addini ba.

Dalai Lama ya miƙa ikon siyasa ga zaɓaɓɓen shugaba tun a 2011. A ranar 2 ga watan Yulin 2025, kwanaki huɗu kafin ya cika shekaru 90, ya sanar cewa za a yi masa magaji, kuma gidauniyar ofishinsa ta Gaden Phodrang ce kaɗai ke da hurumin nemo shi. A ranar Beijing ta mayar da martani cewa dole a bi tsarin jefa ƙuri'a cikin tulun zinariya, wanda daular Qing ta shigo da shi a 1793, a kuma nemi amincewarta. Idan kowa ya tsaya kan bakansa, ana iya wayar gari da Dalai Lama biyu, ɗaya a Lhasa, ɗaya a gudun hijira.