Arlit: Abin da Rajistar Kiran Suna Ke Faɗa Game da Garin Yuraniyom

A Kano ko Katsina ko Agadas, makarantar boko baƙuwa ce da ta zo ta tarar da gari a zaune, da sarkinsa da kasuwarsa da makarantun allo masu ɗaruruwan shekaru. Arlit kuwa ba haka ta taso ba. Kafin 1969 babu wani gari a wurin, sai fili da duwatsu da makiyaya Abzinawa masu wucewa da raƙumansu. Ramin haƙar yuraniyom ne ya haifi garin, shi ya kawo gidaje da asibiti da aji. Shi ya sa duk wanda ke son sanin dalilin da yaro ke zuwa lakkwal a Arlit, ko dalilin da kujerarsa ke zama babu kowa, dole ya fara da tarihin ramin.

Faransawa sun fara cin karo da yuraniyom a Azelik a 1957, suna cikin neman tagulla. Bincike ya ci gaba har aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, kuma shi ya haifi garin Akokan da ke maƙwabtaka da Arlit. Daga baya aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, aka kuma gina tashar wutar SONICHAR mai amfani da gawayin ƙasa kusa da Tchirozérine domin ba ma'adinan wuta. Zamanin Seyni Kountché ne, kuɗin yuraniyom na shigowa, har mutane suka riƙa kiran Arlit ƙaramar Paris.

Amma tun farko gari biyu ne a cikin gari ɗaya. Akwai unguwannin kamfani, inda ma'aikaci ke da gida da famfo da lantarki da asibiti, albashinsa kuma na zuwa ƙarshen kowane wata. Ɗan irin wannan gida ba shi da wani aiki da safe sai ya karya kumallo ya ɗauki jaka. Mahaifinsa da kansa yana rayuwa ne a kan agogo, ya kuma ga da idonsa cewa takardar shaida ce ke raba lebura da shugaban leburori, ga makarantar koyon aikin ma'adinai ta EMAIR a Agadas tana jiran yaron da ya yi ƙoƙari. Irin wannan uba ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan amfanin boko.

A gefe kuma ga unguwar da sunanta kaɗai ya isa bayani, Bukkoki. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin makiyaya da yawa, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Waɗanda suka rasa garkensu suka nufo Arlit suka kafa bukkoki a bayan gari, tare da 'yan ci-rani daga Damagaram da Maraɗi da Tawa masu fatan samun aiki. Yaron Bukkoki yana da aiki tun asuba: ɗiban ruwa, kiwon 'yan awakin da suka tsira, talla, ko rainon ƙane. Makarantarsa ta gwamnati ce, sau da yawa ajin zana ne, iska mai ƙura na ratsa shi, zafin watan Afrilu da Mayu kuma ya mai da shi tanda. Gwamnati ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawar CFEPD ɗaya a ƙarshen aji shida, sai dai rajistar kiran suna ta waɗannan makarantu biyu ba ta taɓa kama da juna ba.

Akwai wani tsohon tabo da ya kamata malami baƙo a arewa ya sani. A ƙarshen mulkin mallaka Faransawa sun buɗe makarantun makiyaya a ƙasar Abzin, kuma yawanci da ƙarfi ake cika su: a ɗora wa shugaban ƙabila adadin yaran da zai kawo, in ya yi jinkiri a tura dakaru a kan raƙuma. Iyaye kan ɓoye 'ya'yansu, wasu manyan gida kuma su tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Mano Dayak, wanda ya yi suna a tawayen shekarun 1990, yana cikin yaran da aka kai makaranta ta wannan hanya. Abin da ya riƙe yara a irin waɗannan makarantu bayan an daina tilas shi ne tukunya. Iyayen da ke bin ciyawa ba za su bar yaro a wuri ɗaya wata tara ba sai sun tabbata zai ci ya kwana. Har gobe a ƙauyukan Abzin, ranar da abincin kantin ya yanke, ranar aji ke fara raguwa, kuma duk daraktan ƙaramar makaranta ya san haka ba sai an kawo masa rahoto daga Yamai ba.

To, a ce yaron ya zo. Me yake tararwa? Nan ne nake ganin an fi yin sakaci wajen ba da labarin. Yaro ɗan shekara bakwai ya shigo ajin CI yana jin Tamashek a gida, Hausa a kasuwa da wurin wasa, sai mushe ya tarbe shi da Faransanci tun ranar farko. A da har akwai abin nan da ake rataya wa wanda aka kama yana yarensu a harabar makaranta, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Darasi kuwa maimaici ne: malam ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, a kwafe daga babban allo, a yi shifta. Ɗan ma'aikaci yana jin Faransanci a bakin mahaifinsa, don haka yakan kama hanya. Ɗan Bukkoki zai iya shekara biyu yana motsa baki tare da jama'a ba tare da ya karanta kalma ɗaya ba. Irin wannan yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yau ya makara, jibi an aike shi, wani mako ya bi kawunsa daji, har sunansa ya zama wanda ake kira don al'ada kawai.

Nijar ba ta rasa dabarun magance wannan ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram mai fara koyarwa da Hausa, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu harsunan ƙasa har da Tamashek. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida tare da Faransanci. Manhaja ta tanadi ayyukan hannu da na sana'a, irin su lambun makaranta da saƙa da ƙananan ƙere-ƙere. Akwai kuma tsohuwar dabarar ƙaramin allo wadda duk wanda ya yi lakkwal ya sani: malam ya ba da lissafi, ya buga tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin minti ɗaya ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓata, ko da yara tamanin ne a gabansa. Ƙirga da tsinke da marfin kwalba ma ba ya cin ko dala. A ganina abin takaici shi ne gwajin harshen gida ya shekara da shekaru yana amsa sunan gwaji, ayyukan hannu kuma su ne farkon abin da ake yarwa idan lokaci ya ƙure, alhali su ne sa'o'in da ɗan makiyayi ko ɗan maƙeri ke iya nuna ya fi ɗan ofis sani.

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, kamfanoni suka rage ma'aikata, baitulmalin ƙasa ya bushe. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi da dogayen yajin aiki, ga karyewar darajar sefa a 1994, ga tawayen da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Daga ƙarshen shekarun nan gwamnati ta koma ɗaukar malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Azuzuwa sun ƙaru ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma sai aka sami sabon mai fashin zuwa, wato malamin kansa, wanda kuɗinsa ke makara, iyalinsa kuma na can kudu, tafiyar kwana da kwanaki. Tawayen MNJ na 2007 zuwa 2009 ya watsa garuruwa irin su Iferouane, iyalai suka kwararo Arlit da Agadas da yaran da karatunsu ya yanke a tsakiyar shekara.

Sai hanya ta fara jan yara. A watan Oktoba na 2013, daidai lokacin da ake komawa makaranta, aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada bayan motocinsu sun lalace tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Fiye da rabinsu yara ne, akasari daga yankin Kance a jihar Damagaram. A 2014 kuma aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten, kuma yaron aji shida da ya ga sa'ansa ya dawo da babur yana da wuya ya saurari batun jarrabawa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Akokan, wadda a da ita ce misalin unguwar da yaranta ba sa fashi, ta shiga halin da Bukkoki ta daɗe a ciki. A Yunin 2025 gwamnatin soja ta karɓe SOMAIR daga hannun Orano ya zama mallakar ƙasa. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, kuma iyaye na da damar tambayar hukumomin gari nawa ne ya iso, nawa kuma ya shiga gina aji da sayen abincin kantin.

Kwamitocin kula da makaranta da ƙungiyoyin iyaye mata, waɗanda suka bazu a ƙasar tun shekarun 2000, su ne mafi kusa da rajistar. Inda suke aiki, darakta kan ba su sunan yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, wata uwa ta taka har gidansu ta ji ko ciwo ne, ko ruwa aka aike shi, ko kuwa ya gaji ne da zama a ajin da ba ya fahimtar abin da ake faɗa. Na farko maganinsa asibiti, na biyu magana ce tsakanin iyaye, na ukun kuwa yana hannun malamin ajin CI.