Dala: Tushe a Jamusanci, Ma'ana a Kasuwar Hausa

Masu nazarin kalmomin aro kan sanya dala a jerin abin da Hausa ta ara daga Ingilishi, su wuce. Wannan bayani bai gamsar ba, domin tushen kalmar Jamusanci ne, ma'anoninta kuwa kasuwa ce ta ba ta su.

Wajen 1520 aka fara buga kuɗin azurfa a Joachimsthal ta ƙasar Bohemiya. Thal na nufin kwari. Aka kira kuɗin Joachimsthaler, baki ya taƙaita shi zuwa Taler, daga nan ya shiga Ingilishi a matsayin dollar, har Amurka ta raɗa wa kuɗinta sunan.

Ita kanta azurfar ta Sahara ta shigo mana. Fatake sun kawo Taler mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, amma liyari Hausawa suka kira ta, daga riyal na Larabci. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa irin wannan azurfa a kan wuri 2,500.

Hujjata ita ce, jirgin ƙasa ne ya zaunar da sunan dala a bakin talaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna daura da tasha, Fagge ta cika da dillalai, Sabon Gari da ma'aikatan da suka zo daga kudu. Manomin da ya saba da wuri sai ga shi ana biyansa da kwabo, sisi da sule. A wannan lissafi dala ta zama sule biyu. A Maraɗi da Damagaram kuwa, ƙarƙashin Faransa, ta zama faran biyar. Har gobe a can dala ashirin ake ce wa faran 100.

Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne babbar tsabar azurfa: kowacce Bature ya kawo, Bahaushe ya laƙaba mata sunan. Da naira ta zo a 1973, ma'anar sule biyu ta dushe. Yau a Wapa ta Fagge, takardar kuɗin Amurka 'yan canji ke nufi da dala.

Saboda haka wajibi ne ƙamusunmu su riƙa bayyana tushen kalma, da hanyar da ta biyo, da ma'anarta a kowane ɓangare na iyaka, tun dattawan da suka yi ciniki da dala mai sule biyu suna raye.