Krakow, Badalar Kano da Gonakin da Suka Ciyar da Ita

Ana yawan cewa kasuwa ce ta farfaɗo da tsofaffin biranen gabashin Turai bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989. Tarihin Krakow, tsohuwar fadar sarakunan Poland, bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. A 1949 gwamnatin gurguzu ta kafa Nowa Huta a gefen birnin, da katafariyar masana'antar ƙarfe mai sunan Lenin, hayaƙinta ya yi shekaru yana cin bangayen tsohon gari. Amma gyara ya soma tun mulkin na tsaye. A 1978 UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin jerinta na farko na wuraren tarihi, aka kafa kwamitin gyaran gine-ginensa a shekarar, kuma a 1985 doka ta ware wa aikin asusu na musamman. Lokacin da masu otal da gidajen abinci suka cika Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa, sun tarar an riga an shata abin da ba a taɓawa. Duk da haka haya ta yi tsada, mazauna da yawa suka bar wa baƙi tsakiyar gari.

A 1978 ɗin nan ne Najeriya ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha. Shi ke cewa ga inda birni ya kai, kuma in an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini ake biya, ƙasar kanta ba a biyan ta. Ina ganin daga nan ya kamata duk wata magana ta raya tsohuwar Kano ta fara.

Badalar da Sarki Gijimasu ya soma a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta shiga jerin jiran UNESCO a 2007. Yau an yanka wurare da dama a jikinta an yi shaguna, wannan kowa na gani yana kuma kuka da shi. Abin da ba a cika kuka da shi ba shi ne gonakin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman wannan yanki ke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ba ta kuma mutu ba. A lokacin, asirin yana bayan jaki: a shiga birni da itace, a fito da mangalar taki da toka, a zuba wa gero da dawa da wake a ƙarƙashin gawo da ɗorawa. Sharar birni ta koma hatsi, hatsin ya dawo birni. Wannan ma gado ne, kuma ya fi badala wuyar maidowa, domin katanga in ta zube ana iya kwaɓa ƙasa a ɗora, amma gonar da aka yi wa awon igiya aka yanka fuloti ta tafi ke nan.

Saboda haka iyakar da Kano ke buƙatar shatawa da doka iri biyu ce: ta jikin badala, da ta gonakin da ba za a mayar fuloti ba, tare da kuɗin kula da su, irin asusun Krakow, da ba zai yanke ba in gwamnati ta sauya. Magada da ke sayar da gonar gandu a hanyar Dawanau ba don ƙin noma suke yi ba. Sun ga birni na matsowa, suna tsoron a karɓe ta a biya su kuɗin shuka kawai.