Baƙaƙen Holan: Sojojin da Aka Saya a Ƙasar Tonawa

Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su.

Mai karatu, in ka shiga kasuwar Mont-Bouët a nan Libreville, ko Kantin Kwari a Kano, ka ce a ba ka 'yar Holan, ba wanda zai tambaye ka me kake nufi. Atamfa ce mai tsada, wadda lefe ba ya cika sai da ita, kuma iyayenmu mata na nan Sotega sun fi ni sanin kuɗinta. Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai wasu sojoji baƙar fata ne suka fara kawo irin wannan zane daga Indunusiya. To, su wane ne sojojin nan, kuma me ya kai su can?

Turawan Holan sun ƙwace ganuwar Elmina, a bakin tekun Gana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637, suka daɗe suna cinikin zinariya da bayi a wurin. A can gabas mai nisa kuma suna mulkin tsibiran da ake kira Indunusiya yanzu. Daga 1825 zuwa 1830 suka gwabza yaƙi a tsibirin Jawa da wani ɗan sarki mai suna Diponegoro, inda suka rasa Turawa wajen 8,000, da yawansu ciwo ne ya kashe su. A 1830 ɗin kuma Beljiyam ta ɓalle daga Holan, wurin samun sojoji ya ragu. Sai manyansu suka ce ai baƙar fata ya fi jure zafi da zazzaɓi, a nemo shi a Elmina.

Da aka yi shela, mutanen bakin teku suka yi kunnen uwar shegu. A karon farko, 1831 zuwa 1832, mutum 44 kacal aka samu. Wa zai bar gidansa ya hau jirgin ruwa na watanni zuwa inda bai taɓa jin sunansa ba?

Shi ne a 1837 aka tura Janar Jan Verveer zuwa Kumasi wurin Kwaku Dua na ɗaya, sarkin Ashanti, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Suka ƙulla yarjejeniya: sarki zai ba da mutum 1,000, Holan ta ba shi bindigogi 2,000 kafin alƙalami. Sarki bai cika adadin ba, amma Holan ta ajiye wakili a Kumasi yana sayen mutane da kansa.

A nan labarin ya taɓo mu. Tonawa ba 'ya'yansu suke bayarwa ba. Bayi ne daga arewa, Mosawa da Gurunsawa da mutanen Dagomba da makamantansu, masu tsaga a fuska, waɗanda Tonawa ke kira “odonko”. Kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fatakenmu ke sauke jakuna su sayi goro, tana cikin manyan wuraren da ake cinikin irin waɗannan mutane. Mukan yi alfahari da fataucin goro, kuma abin alfahari ne, amma ba goro da kanwa kaɗai ke canza hannu a kasuwar nan ba.

Sai dai Holan ta haramta cinikin bayi tun 1814. Ka ji dabarar da suka yi. A biya ubangijin bawa, a rubuta wa bawan takardar 'yanci, a sa shi cikin soja, sa'an nan a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsa. Wato shi ya sayi kansa da bashi, kuma ba shi da ikon cewa a'a. Ingila ta yi ta ƙorafi cewa wannan cinikin bayi ne aka sa wa kaki, har aka dakatar a farkon shekarun 1840, daga baya aka ci gaba kaɗan-kaɗan. (Su ma Ingilishin, a 1863 Kyaftin Glover ya tara rundunar da ake kira Hausawan Glover a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu.) Zuwa 1872, lokacin da Holan ta miƙa wa Ingila Elmina, an kwashi mutum wajen 3,000.

A Jawa mutanen ƙasa suka laƙaba musu “Belanda Hitam”, ma'ana baƙaƙen Holan. An canza musu suna zuwa na Turawa, an kuma yi musu alkawarin matsayi ɗaya da sojan Bature, har da takalmi, wanda sojan ɗan ƙasa ba ya samu. Kuma fa sun riƙe alkawarin nan da haƙori. Da aka fara rage musu haƙƙi, har aka ce a ɗauke katifa a ba su tabarma, sai suka yi bore a 1840 da 1841. Kada ka yi dariya. Mutumin da aka raba da garinsu da sunansa, katifar nan ce shaidarsa cewa shi ba bawa ba ne kuma.

Sun yi yaƙi a Sumatra da Bali da Borneo, da kuma Aceh, daular Musulmi da Holan ta far wa a 1873. Abin da ɗaci: wanda aka zalunta aka ba shi bindiga ya je ya danne wani.

Waɗanda suka gama aiki, wasu sun komo Elmina, aka ba su fili a kan wani tudu da har yau ake kira Tudun Jawa. Wasu suka auri matan Jawa suka zauna, musamman a garin Purworejo, inda suka yi unguwarsu. 'Ya'ya da jikoki suka gaji aikin soja. Da Japan ta mamaye tsibiran a 1942, aka kama su tare da Turawa, wasu suka mutu a aikin tilas na shimfiɗa layin dogo na Bama, ƙasar da sojojin Nijeriya su ma suka yi yaƙi a cikinta a wannan yaƙin. A Disamba 1949 Holan ta amince da 'yancin Indunusiya, a 1950 aka rusa rundunar. Ga mutanen ƙasa, su yaran Bature ne. Yawancinsu suka bi ayarin mutum wajen 300,000 da suka yi ƙaura zuwa Holan, ƙasar da suke ɗauke da sunanta alhali da yawansu ba su taɓa taka ta ba.

Batun atamfa kuwa, ni ban gamsu da labarin ba, kuma masana da dama suna shakkarsa. Sojan da ake yanke wa albashi, da wane jari zai yi fataucin zane? Abin da ya tabbata shi ne masaƙun Holan sun kwaikwayi rinin Jawa da ake kira batik da inji, mutanen Jawa suka raina shi, sai a wajen 1890 wani ɗan kasuwa ɗan Sikotlan, Ebenezer Brown Fleming, ya kawo shi bakin tekun Gana ya karɓu. Kamfanin Vlisco, da aka kafa a garin Helmond a 1846, shi ya gaji kasuwar.

A 2003 zuriyar ɗaya daga cikin sojojin suka buɗe ɗan gidan tarihi a Elmina, mai suna Elmina Java Museum. Wanda hanya ta bi da shi Gana, daga Cape Coast tafiyar ba ta kai rabin awa ba a mota.