Sanƙarau a Hanyar Kano zuwa Zariya

A Kwanar Dangora ne hanyar da ta fito daga Doguwa da Tudun Wada take haɗuwa da babban titin Kano zuwa Zariya. Direban da ya ɗauko mara lafiya daga wajen dajin Falgore, a nan zai tambayi 'yan uwansa ko a yi Kano ko a yi Zazzau. Garuruwan biyu kowanne yana da nasa tarihi da sanƙarau, cutar da ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Tun 1905 aka rubuta labarin ɓarkewarta a Arewa. Lokacinta sananne ne: ƙurar hunturu ta busar da maƙogwaro, zafin bazara ya biyo baya, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Yaro zai tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin magariba wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Damina na sauka, sai annobar ta lafa.

Aikin da aka yi a Zariya ya cancanci a riƙa tunawa da shi. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Brian Greenwood da Hilton Whittle, sun bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, suna ɗibar ruwan laka ta gadon baya, suna rubuta abin da suka gani. A 1979 aka wallafa sakamakon da ya nuna cewa allura guda ta chloramphenicol mai haɗin mai tana iya warkar da cutar. Ga ɗan ƙauyen Kiru ko Bebeji wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba ya buƙatar gadon asibiti na mako guda da allura dare da rana. Malamin asibiti a ɗakin shan magani ma zai iya yin ta.

Tarihin Kano da cutar kuwa akwai ɗaci. A 1996 cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazan ƙasar zuwa aikin Hajji a shekarar. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana, a wani bincike da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari a zukatan jama'a ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma yara ne suka sake ɗanɗana kuɗarsa.

Rigakafin MenAfriVac ya iso Najeriya a 2011, ya karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, wanda ya fi addabar Arewa. Nau'in C ya ɓulla da ƙarfi a Zamfara a 2017, ya nuna da sauran aiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 a lokaci guda.